Sharhi kan kamfanin dillancin matuƙa da ya sama mini aikin jigilar alhazai

A watan Fabrairun 2024, lokacin da dala ɗaya ta haura naira 1,500, wani kamfanin dillancin matuƙa jiragen sama da ke Turai ya aiko mini da saƙo, yana neman mataimakan matuƙa masu shaidar tuƙa Airbus A330 domin aikin jigilar alhazai na wata uku. Na karɓi aikin, na yi shi tun daga jigilar tafiya har zuwa ta dawowa, kuma tun da na komo gida abokan aiki da ƙannen da suka biyo bayanmu a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya suke tambayata ko su ma su miƙa takardunsu. Ba zan ambaci sunan dillalin ba, haka ma kamfanin jiragen da ya tura ni, kuma yarjejeniyar da na sa wa hannu ta hana bayyana adadin kuɗin. Abin da zan iya bayyanawa shi ne yadda ake lissafa kuɗin, wanda a ganina ya fi adadin muhimmanci, domin a cikin lissafin nan ne mutum yake gane ainihin abin da ya saya da abin da ya sayar.

Dalilin samuwar irin waɗannan kamfanoni ba ɓoyayye ba ne. A 2024 Nijeriya kaɗai ta samu kujerun aikin hajji 95,000, kuma maniyyatan da suka biya dole a kwashe su cikin kusan wata guda, sannan a dawo da su cikin wani watan. Babu kamfanin da zai riƙe manyan jirage da matuƙansu tsawon shekara saboda aikin wata biyu, don haka ake ɗauko jiragen haya waɗanda suke zuwa da ma'aikatansu da masu gyaransu da inshorarsu. Su ma masu jiragen hayar ba sa riƙe matuƙa da yawa, sai lokacin ya gabato su nemi dillali ya cike musu gurbi. Dillalin yana da jerin sunayen matuƙa daga ƙasashe daban-daban, shi ke tantancewa, shi ke ƙulla yarjejeniya da matuƙi, shi ke biyansa, sannan ya karɓi la'adarsa daga kamfanin jiragen.

Na fito daga kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da lasisin kasuwanci da awanni kimanin 200 a littafina. Na fara da Boeing 737 a gida, daga baya na samu aiki a ƙasar waje a kan A330, har annobar korona ta zo a 2020 ta raba ni da shi. A gida ma abin bai yi sauƙi ba a shekarar, domin a watan Agusta kamfanin Air Peace ya sallami matuƙa kusan 70, Bristow kuma ya sallami matuƙa da injiniyoyi kimanin 100. Da ƙura ta lafa na koma kan 737 da albashin naira, kuma tun daga Yunin 2023 da aka saki darajar naira albashin yake narkewa a hannuna, alhali bashin da na ci don horo da dala ake bina shi. A cikin wannan hali saƙon dillalin ya same ni, kuma na faɗi haka ne don mai karatu ya san cewa wanda bashi ya matsa ba ya karanta yarjejeniya da ido irin na wanda hankalinsa ke kwance.

A matakin farko ba ni da abin da zan kushe. Ba su nemi ko kwabo daga gare ni ba don rajista ko don duba takardu, kuma wannan ita ce alama ta farko da ke raba dillalin gaskiya da 'yan damfarar da ke yawo a intanet suna karɓar kuɗin fom daga matasa. Sun nemi kwafin lasisi, da takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, da shafuka uku na ƙarshe na littafin awannina, da wasiƙar da ke nuna ban taɓa yin haɗari ba. Ma'aikaciyar da aka haɗa ni da ita tana amsa saƙo a ranar da aka aika, kuma ita ta bi mini batun biza da tikiti da kuma amincewar hukumar ƙasar da aka yi wa jiragen rajista, domin lasisin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya ta bayar ba ya ba mutum ikon tuƙa jirgi mai rajistar wata ƙasa sai hukumar can ta sa hannu. Wanda ya taɓa bin wannan takarda da kansa ya san yawan makonnin da take ci. Su sun gama ta kafin ranar da aka sa mini.

Inda na fara jin nauyi shi ne batun sabunta shaidar A330. Ƙa'ida ce matuƙi ya shiga na'urar kwaikwayon tuƙi duk wata shida a gwada shi, kuma ya yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 a kan irin jirgin da zai ɗauki fasinja da shi. Ni na yi fiye da shekara uku ban zauna a kujerar A330 ba. Dillalin ya shirya mini horon sabuntawa a wata cibiya, horo mai kyau da malamai masu haƙuri, amma kuɗinsa bashi ne a kaina, ana cirewa kashi-kashi daga albashin wata uku, kuma da na bar aikin kafin wa'adi da sai na biya ragowar nan take. An rubuta wannan a yarjejeniya, ban ce an ɓoye ba, sai dai adadin da aka sa a tallar aikin bai nuna shi ba.

Na kai wa yayana takardar, shi lauya ne, ya zauna da ita bayan sallar isha'i yana ja mata layi da jan biro. Da ya kai shafi na huɗu ya cire tabarau ya dube ni.

"Ka lura cewa a takardar nan kai ba ma'aikacin kowa ba ne?"

Na ce, "Yaya, ai su za su riƙa biyana."

Ya ce, "Biya daban, ɗaukar aiki daban. Sun rubuta kai mai zaman kansa ne da ke sayar musu da hidima. Idan rigima ta tashi, kotun ƙasarsu za ka je, da kuɗin aljihunka."

Abin da ya gani shi ne ginshiƙin dukan lamarin. Kamfanin jiragen ne ke tsara mini jadawali, kayan aikinsa nake sawa, littafin ƙa'idojinsa nake bi, shi ne zai iya cewa kada na sake hawa jirginsa, amma a takarda ba ya da wani nauyi a kaina. Dillalin kuma yana cewa shi mai haɗa ciniki ne kawai. Saboda haka babu fansho, alhali a gida dokar 2014 ta wajabta wa mai aiki ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya zuba 8. Babu albashin jinya, babu hutun shekara, haraji kuma mutum ya san yadda zai yi da hukumar ƙasarsa. Akwai inshorar asibiti ta gaggawa muddin ana bakin aiki, amma babu inshorar rasa lasisi, wadda ita ce matuƙi ya fi buƙata, domin sana'armu a rataye take da takardar likita da ake sabuntawa duk shekara, duk wata shida ga wanda ya haura 60, kuma hawan jini ko ciwon suga ko matsalar ido na iya tsayar da mutum rana ɗaya tun kafin ya kai shekara 65 da doka ta yanke. Wannan tsari ba dillalina ne ya ƙirƙiro shi ba. Binciken da jami'ar Ghent ta Beljiyam ta fitar a 2015, wanda ya ji ta bakin matuƙa fiye da 6,600, ya gano cewa kusan ɗaya cikin shida na aiki ne ba da cikakkiyar ɗaukar aiki ta kai tsaye ba, kuma kamfanin Ryanair, wanda ya daɗe yana amfani da matuƙan dillalai, sai a Disambar 2017 ya amince da ƙungiyoyin matuƙa, bayan soke dubban tashi da barazanar yajin aiki.

Kuɗin kansa kashi uku ne. Akwai kuɗin kowace rana da mutum yake a hannun kamfani, akwai ƙari a kan kowace awa da ta haura adadin da aka ƙayyade a wata, sannan akwai alawus ɗin abinci. A watan da aka yi aiki sosai, abin da ya shigo asusuna ya kai abin da nake samu a wata uku a gida, kuma da dala ya shigo. Ba zan raina wannan ba, da shi na biya fiye da rabin bashin da ke wuyana. Amma awar da ake biyan ƙari a kanta ana fara ƙirga ta ne daga lokacin da jirgi ya motsa daga wurin ajiyarsa zuwa lokacin da ya tsaya a ɗaya gefen, kuma duk wanda ya san jigilar alhazai ya san rabin aikin jira ne. Ana jiran motocin da za su kwaso maniyyata daga sansani, ana jiran fasfo, ana jiran izinin sauka a Jidda, a dawowa kuma ana jiran awon kaya a tashar alhazai mai rufin tantuna, inda jaka ɗaya da ta wuce nauyi take iya tsayar da layi gaba ɗaya. Na taɓa zama awa biyar a ɗakin matuƙa injin a kashe, zafin Jidda yana dukan gilashi, kuma a lissafin ƙari waɗannan awanni biyar ba su wanzu ba.

Akwai kuma tazarar da ke tsakanin jigila ta farko da ta biyu. A shekarar an yi tsayuwar Arfa ranar 15 ga Yuni, kuma daga rufe jigilar tafiya zuwa buɗe ta dawowa jirage suna ajiye kusan mako biyu. A yarjejeniyata an kira waɗannan kwanaki hutu, ba a biyan kuɗin rana a cikinsu sai alawus ɗin abinci kawai, don haka wata ukun da aka tallata, a aljihu wata biyu da rabi ne.

Batun awannin aiki shi ne inda nake so abokan aikina su tsaya su karanta da kyau. Littafin kamfanin ya bi tsarin Turai, wanda ya ce kada tuƙi ya wuce awa 100 cikin kwana 28, kada ya wuce 900 a shekara, kada aiki gaba ɗaya ya wuce awa 60 cikin kwana bakwai, kuma tsawon aikin yini ɗaya ga matuƙa biyu awa 13 ne idan an fara da safe, yana raguwa zuwa 11 idan ya ratsa dare. Daga biranen Afirka ta Yamma zuwa Jidda ko Madina tafiyar awa huɗu ce zuwa shida, kuma sau da yawa mu ne za mu kai maniyyata mu kuma dawo da jirgin babu kowa. Idan aka haɗa zuwa da dawowa da lokacin shiri da na sauke fasinja, jadawalin yana tsayawa ne dab da iyaka tun a takarda, kafin a samu jinkirin minti ɗaya. Doka ta ba kyaftin ikon ƙara har awa biyu idan wani abu da ba a zata ba ya taso, amma jinkiri a aikin hajji ba abin da ba a zata ba ne, kullum ana yinsa. Ban taɓa ganin an karya doka ba, kuma ina faɗin haka da gaskiya. Abin da na gani shi ne ikon da aka tanada don larura ya zama abin da ake sa ran kyaftin zai yi amfani da shi, kuma kyaftin ɗin da ke kan yarjejeniyar wata uku ya san cewa sunan wanda ya cika cewa a'a ba ya dawowa cikin jerin baɗi. Na kai wannan ƙorafi ga dillalin a rubuce, amsar da na samu cikin ladabi ita ce jadawali hurumin kamfanin jirage ne.

A mako na biyar mura ta kama ni, kunnena na dama ya toshe. Ga wanda ke ƙasa wannan ƙaramin abu ne, amma ga wanda zai sauko daga ƙafa 39,000 da kunne a toshe, yana iya fasa masa dodon kunne, kuma zafinsa yana ɗauke hankali a daidai lokacin da ake buƙatar hankali duka. Na tsaya a gaban madubin otal da ƙarfe ɗaya na dare, kayan aiki a rataye, motar ɗaukar ma'aikata za ta zo ƙarfe biyu, ina toshe hanci ina hura iska ko kunnen zai buɗe, kuma a lokaci guda ina lissafin abin da kwana huɗu ba aiki za su rage mini. Daga ƙarshe na ɗauki waya na ce ba zan iya tashi ba. Babu wanda ya yi mini faɗa, an aiko likita ya duba ni, amma an cire kuɗin kwana huɗun cif. Abin da ya dame ni har yau shi ne cewa na yi wannan lissafi a gaban madubi, ni da zan ɗauki mutum fiye da 300, kuma tsarin biyan ne ya sa ni yinsa.

Masana'antar ta san inda wannan hanya take kaiwa. A haɗarin jirgin Colgan Air kusa da Buffalo a Amurka ranar 12 ga Fabrairun 2009, wanda ya ci rai 50, mataimakiyar matuƙin tana ɗaukar kimanin dala 16,000 a shekara, ta kwana tana tafiya daga Seattle don ta zo aiki, tana fama da mura, kuma na'urar naɗar murya ta ji ta tana cewa idan ta kira ta ce ba ta da lafiya sai ta kama otal har ta warke. Bayan wannan haɗari ne Amurka ta wajabta awa 1,500 ga mataimakan matuƙa, ta kuma sake dokar hutu a 2014. Mu kuma muna da namu tabon da ya fi kusa. Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgin DC-8 da aka ɗauko haya daga kamfanin Nationair na Kanada don Nigeria Airways ya tashi daga Jidda zai tafi Sakkwato da alhazai, tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, an san da haka, amma ba a so a jinkirta tashi. Tayoyin suka fashe a kan titin tashi, wuta ta kama, mutum 261 suka rasu, babu wanda ya tsira. Duk lokacin da na zagaya jirgi ina duba tayoyi a filin Jidda sai na tuna da su, Allah ya jiƙansu. Gaggawar da ta kashe su irin gaggawar da ke cikin aikin kwangilar lokaci ce, inda kowane jinkiri asara ne ga wani.

Masauki kuwa ya bambanta. A Jidda an ba kowa ɗakinsa a otal mai labule mai kauri da ke hana haske, wanda ga mai barcin rana ya fi kowane ado. A wani gari da muka kwana sau uku, janareta yana jikin tagar ɗakina, kuma hutun awa 10 da doka ta ce a ba mutum idan ba a mazauninsa yake ba ya zama awa 10 na kwanciya ba na barci ba. A nan dillalin ya yi abin yabo, domin bayan mu huɗu mun rubuta, an sauya otal a zuwa na gaba. Na lura cewa duk abin da ya shafi otal da mota da tikiti suna gyarawa da sauri, amma abin da ya taɓa jadawali ko kuɗi sai su koma bayan yarjejeniya.

Albashin wata na farko da na biyu ya shigo a ranar da aka yi alkawari. Na ƙarshe ya yi mako bakwai bai zo ba, kuma da na matsa sai aka nuna mini sakin layin da ya ce dillali zai biya ne bayan kamfanin jirage ya biya shi, shi kuma kamfanin yana jiran waɗanda suka yi shatar jiragensa. Yayana ya ja wa wannan layi jan biro tun farko, ni ne na ce ba komai. Kuɗin ya zo cikakke daga baya, sai dai a tsawon makonnin nan babu ƙungiyar da zan kai wa kuka, domin ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jiragen sama ta Nijeriya ba ta da hannu a yarjejeniyar da aka ƙulla a wata ƙasa. Idan mutum ya tuna cewa matuƙan Delta a Amurka sun samu ƙarin kashi 34 cikin 100 na tsawon shekara huɗu a 2023 ta hanyar ciniki da murya ɗaya, zai gane abin da matuƙin dillali ya rasa, shi da yake ciniki shi kaɗai ta imel. Ba na cewa aikin dindindin a gida tabbas ne, ma'aikatan Nigeria Airways da ya daina tashi a 2003 sun jira har 2018 kafin gwamnati ta amince da biyan wani kaso na sauran haƙƙoƙinsu, amma aƙalla su suna da wanda za su bi bashi.

Zan yi rashin adalci idan ban faɗi abin da aikin ya ba ni wanda ba ya cikin takarda ba. A wani tashi da yawancin fasinjojin Hausawa ne, kyaftin ya bar mini sanarwar kusantar mikati, na yi ta da Hausa, kuma ma'aikatan ciki suka ce jirgin gaba ɗaya ya ɗauki talbiyya. Bayan mun sauka, wata tsohuwa ta ƙi fita sai ta ga mai maganar. Na fito, ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Ɗana, kai ka tuƙo mu?"

Na ce, "Ni da kyaftin ne, Iya."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, zan sa ka a addu'a a Arfa."

Bizar ma'aikacin jirgi ba ta ba mutum damar yin aikin hajji, don haka na juya da jirgin babu kowa ina riƙe da wannan alkawari nata.

Wa ya dace ya nemi wannan dillali? Matuƙin da ya riga ya tara awanni a kan babban jirgi, yana da ajiyar da za ta riƙe gidansa wata biyu idan albashi ya makara, ya sayi inshorar rasa lasisi da kansa, kuma ya samu hutu ba albashi daga wurin aikinsa maimakon ya ajiye aikin, zai amfana, kuma zai samu mutanen da ke cika abin da suka rubuta. Wanda zai ajiye aikin dindindin saboda adadin da ya gani a talla, ina roƙonsa ya cire kuɗin horo da kwanakin tazara da haraji da fansho da inshora tukuna, ya raba abin da ya rage a kan wata goma sha biyu, tun da babu tabbacin wani aiki bayan alhazai sun dawo. Ƙannenmu masu awa 200 kuwa wannan ƙofa ba tasu ba ce, dillalin ba ya duba takardar wanda bai da ɗaruruwan awanni a kan jirgin, kuma duk wanda ya ce musu su biya shi don ya sama musu kujera su tara awanni, su guje shi.

Da lokacin jigila ta gaba ya matso, ma'aikaciyar nan ta sake rubuto mini. Na amsa da sharuɗɗa uku: a biya kuɗin rana a kwanakin tazara, a sa ranar biya tsayayya ba tare da jingina ta da biyan kamfanin jirage ba, a kuma biya kwanakin rashin lafiya da likita ya tabbatar, ko da kwana biyar ne a duk tsawon aikin. Sun amince da rabin kuɗin tazara, sun amince da ranar biya. Na ukun suka ce ba ya cikin tsarinsu, ni kuma a kansa na tsaya, ban sa hannu ba.